Warden da Garden: Kama da Wane Ba Ta Wane

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Turanci ce a wata firamare a Zariya. Na yi wa 'yan aji biyar shifta, na faɗi warden, fiye da rabinsu suka rubuta garden. Da na zo yin gyara sai wata yarinya ta ce ai harafi ɗaya ne ya raba su, to ko tushensu ɗaya ne? Don Allah a fayyace mini ma'anar kowacce, da yadda zan raba musu su.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, don tambayarta ta mai lura ce. Amsar ita ce a'a, tushensu ba ɗaya ba ne. Kamar wasa da gasa ne a Hausa, ko wari da gari: baƙi ɗaya ya sauya, ma'ana ta yi hannun riga.

Warden mutum ne, wanda aka damƙa wa tsaron wani wuri ko kula da bin doka a cikinsa. Garden kuwa wuri ne, lambu, inda ake shuka furanni ko kayan miya ko itatuwa. Ko wannan kaɗai yaran suka riƙe, cewa ɗaya mutum ne ɗaya fili, an yi rabin aiki.

Sai dai ina so ki fara da kunne kafin ido, domin a nan nake zaton matsalar take. A rubuce ne kalmomin suka yi kama, a baki ba su yi ba. Baturen Ingila yana faɗin garden kusa da "gaadin", warden kuma kusa da "woodin", da dogon wasalin o irin na "ƙofa". Dalili shi ne a Turanci baƙin w yakan ja wasalin a da ke biye da shi zuwa o. Ki gwada car da war, ko card da ward, ko farm da warm, za ki ji kowace ta biyu ta koma o. Mu da muka saba karanta Hausa yadda aka rubuta ta, sai mu ce "wadin", daga nan kuwa kunnen yaro ba shi da abin kamawa sai baƙin farko, wanda hayaniyar aji ke iya haɗiyewa.

Tarihin kalmomin shi ne wurin da na fi so in tsaya. A shekarar 1066 Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a ƙarƙashin sarkinsu William, suka shigo da irin Faransancinsu. Akwai kalmomin da Normawa ke farawa da w, mutanen yankin Paris kuma suna fara su da g. Turanci ya ari wasu sau biyu, kowace daga nata ɓangaren. Haka aka sami warden da guardian, asalinsu kalma ɗaya ce mai nufin mai tsaro. Haka warranty da guarantee. Shi kansa William, Faransawa Guillaume suke ce masa. Kin ga ashe warden tana da 'yar'uwa mai farawa da g, amma ba garden ba ce, guard ce, mai tushe ɗaya da guardian. Ita kuwa mun san ta sarai, don daga gare ta muka sami gadi da maigadi. Idan kika ce wa yara warden dangin maigadi ne, ba ki yi ƙarya ba ko a ma'ana ko a tarihi.

Garden ma ta hannun Normawa ta shigo, amma jijiyarta daban: tsohuwar kalma ce mai nufin wurin da aka kewaye da shinge. 'Yar'uwarta a Turanci ita ce yard, wato tsakar gida ko farfajiya. Ba yard ɗin awon yadi ba fa, wannan daga wata kalma ce mai nufin sanda. A Faransanci ta zama jardin, a Jamusanci Garten, wadda ke cikin kindergarten, "lambun yara", sunan da Friedrich Fröbel ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara a 1840. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci ba sa wannan ruɗanin, don jardin da gardien sun rabu tun daga harafin farko.

Ma'anar warden tana sauyawa da ƙasa, kuma ya kamata ke malama ki san wannan ko da ba duka za ki kai aji ba. A Amurka, warden shi ne shugaban gidan yari baki ɗaya. A Ingila governor ake ce wa mai wannan muƙamin. Gandiroba kuma, wanda ke tsare fursunoni da kansa, warder ne, da r a ƙarshe, kuma ɗalibai manya ma suna gauraya biyun. Akwai traffic warden, wanda a Ingila aikinsa bin motocin da aka ajiye ba bisa ƙa'ida ba, a Najeriya kuwa shi ne mai ba da hannu a mahaɗar titi, wanda ake kira yalo fifa. Akwai game warden, mai tsaron namun daji a gandu. A jami'ar Oxford, shugabannin wasu kwalejoji irin su Merton da New College laƙabinsu Warden. Har sarauta ce: Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, ya riƙe Lord Warden of the Cinque Ports, tsohuwar sarautar tsaron wasu tashoshin ruwa na kudu maso gabashin Ingila, daga 1941 har rasuwarsa a 1965.

Garden ba ta da rassa da yawa haka. Ɗan Ingila yana kiran filin bayan gidansa garden ko da ciyawa ce kawai a ciki, Ba'amurke ya ce yard. Ana kiran Fatakwal Garden City, kuma garden egg shi ne yalo ko gauta. Wani lokaci sunan ne kaɗai ya rage: Madison Square Garden da ke New York zauren dambe ne da ƙwallon kwando, ba a shuka komai a ciki.

A aji, shawarata kada ki sake ba su kalmomin nan tsirara a shifta. Ki sa su cikin jimla, yadda ma'ana za ta taimaki kunne. Ki raba allo gida biyu, ki jera war, warm, ward, warden a dama, car, card, hard, garden a hagu, su yi ta maimaitawa da ƙarfi har bakinsu ya saba da zagayewar leɓe wajen faɗin na dama. Bayan nan ki kira yaro ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa a matsayin warden, wani ya zana garden a allo, sauran su faɗi wane ne mutum, wane ne wuri. Yarinyar da ta yi tambayar kuma, ki gaya mata labarin warden da guard, ki bar ta ta duba ƙamus ta nemo wace kalma mai farawa da g ce 'yar'uwar warranty.