Talla a Amurka, Biza a Hannu

Tambaya: Ɗana yana buga ƙwallon kwando a wata jami'ar Amurka. Wani kamfanin takalma zai biya shi ya tallata kayansa a Instagram. Ya karɓa? Daga wani mahaifi, karkarar Ringim.

Amsa: Malam, ya dakata tukuna. Tun 1 ga Yuli 2021 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta yarda ɗalibai 'yan wasa su ci kuɗin sunansu da hotonsu, amma inda gizo ke saƙa shi ne bizarsa. Bizar ɗalibi ta F-1 ta hana aiki a wajen makaranta ba tare da izini ba, kuma ɗaukar bidiyon talla a can aiki ne. In bizar ta tafi, karatun ya bi ta. Kafin ya sa hannu, ya kai yarjejeniyar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa. Wasu sukan bari sai sun zo gida hutu su ɗauki bidiyon, amma wannan ma a bari lauyan shige da fice ya fara dubawa.