Tambaya da Amsa: Kauci ne Ko Rumfar Gada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da hawan jini, aka ce mu nemo mata kauci. A kasuwa aka ba ni wani abu kamar zare, ruwan ɗorawa, ba ganye. Shi ne kuwa? Kuma yaya ake haɗa shi? Daga wata mai karatu, Anguwan Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Mama lafiya. Abin da aka ba ki rumfar gada ce. Ita ce ke nannaɗe ƙananan itatuwa kamar taliya, tana tsotsarsu. A gargajiyance an fi dafa ta don wanke kai, wasu kuma don shawara. Kada a ba Mama ita a madadin kauci.

Kauci yana da ganye mai kauri, da fure ja siriri kamar tsinken ashana. Tsuntsaye ne ke dasa shi: su ci 'ya'yan, su goge ƙwayar mai danƙo a reshe, saiwarsa ta huda ɓawo, wurin ya kumbura kamar gwiwa.

Tunda daga jikin bishiyar yake sha, dole a san uwarsa. Shi ya sa masu magani ke cewa kaucin kaɗanya, kaucin ɗorawa, kaucin lemo. Wanda mai sayarwa ya kasa faɗin bishiyarsa, bar masa kayansa. Haka na lambun da ake yi wa feshi.

Ganyen kawai ake ɗiba, ban da 'ya'yan. A wanke, a baza a inuwa kan tabarma, ana juyawa kullum. Da hunturun Jos kwana 4 zuwa 5 ya isa. Da damina yakan kai kwana 10, kuma a nan ake ɓarna, don in an tara shi da kauri sai ya yi baƙi ya yi funfuna. Wannan zubarwa ake yi. Busasshe shi ne mai karyewa ƙaras a hannu. A daka, a tankaɗe, a rufe a kwalba. Yadda aka saba: ƙaramin cokali 1 a kofin ruwan zafi, a rufe minti 10, a tace.

Sai dai ƙarfinsa yana bambanta daga bishiya zuwa bishiya. In ya haɗu da ƙwayar asibiti jini na iya sauka fiye da kima, jiri ya kwashe dattijuwa in ta miƙe. Mai ciwon suga ma haka. Kada Mama ta ajiye ƙwayarta, a fara gaya wa likitanta, a riƙa auna jinin safe da yamma. Mai ciki da mai shayarwa kam ba su sha.