Kafin ka taso, ka zauna da takarda da biro

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin karanta kimiyyar kwamfuta a nan, kuma darasin rumbun bayanai ne yake ba ka tsoro, har kana tambaya ko ka fara haddace umarnin SQL, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi. Allah ya sanya albarka. Haddar nan kuwa, ajiye ta tukuna.

Ba umarnin SQL irin su SELECT ko JOIN ke kayar da ɗalibai ba, tsara tebura ne. A ce makaranta tana son adana bayanan ɗalibai da darussansu. Sabon shiga sai ya zuba komai a tebur ɗaya: sunan ɗalibi, darasi, malami, lambar ofishin malamin. Ranar da malamin ya sauya ofis, sai an bi layi-layi ana gyarawa, in aka tsallake ɗaya, rumbun ya koma mai baki biyu. Wanda ya fi wannan ciwo, in ɗalibi ɗaya ne ya rage a darasin ya janye, aka goge layinsa, labarin darasin ya tafi tare da shi.

Don haka kowane bayani ya zauna wuri guda. Ɗalibai da teburinsu, malamai da nasu, darussa da nasu, kowane layi da mabuɗinsa, wato lambar da ba ta maimaituwa. Tunda ɗalibi kan ɗauki darussa da yawa, darasi kuma kan tara ɗalibai da yawa, sai a ƙara teburin rajista mai ɗauke da mabuɗan biyu da maki. Edgar Codd ne ya kawo wannan tsari a kamfanin IBM a 1970. SQL daga baya ta zo, sai 1986 aka yi mata ƙa'ida ta bai ɗaya. Matakan tacewa da za ka ji ana kira 1NF, 2NF da 3NF duk wannan matsalar ta maimaita bayani suke magancewa.

Ka ɗan waiwayi lissafin rukunoni da mantiƙi, a kansu aka ɗora ginin.

Sannan ka sauke SQLite, wato manhajar gina rumbun bayanai, kyauta ne kuma cikin fayil ɗaya yake aiki. PostgreSQL, wanda ya fi shi girma, ya jira sai hannunka ya faɗa. Amma kafin ka taɓa kwamfuta, zana min rumbun ɗakin karatu a takarda: littattafai, masu aro, ranar aro da ranar mayarwa. Ka yi tunani sosai a kan littafin da yake da kwafi uku, da wanda marubuta biyu suka rubuta. Ɗauki hotonsa ka turo, mu duba tare.