Na ƙera na'ura, na sa mata suna, wani ya kwaikwaya: wace doka ce za ta kare ni?

Tambaya

Assalamu alaikum Barista. Ni mai gyaran famfo ne. Na shafe shekara biyu ina fama da wata 'yar na'ura da ke rufe ruwa da kanta idan tanki ya cika, ba ta bukatar lantarki. Wata biyar da suka wuce na ɗora bidiyonta a Facebook, na buɗe cikinta na nuna yadda take aiki, kuma na sayar da 'yan kaɗan. Na raɗa mata suna da ke nufin "mai tsayar da ruwa", na yi mata tambari. Yanzu ga wani yana sayar da irinta da suna mai kama da nawa. Bara na yi wa kamfanina rajista, an ce mini wannan ya isa ya kare komai. Gaskiya ne? Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya ce maka rajistar kamfani ta isa bai faɗa maka daidai ba. Rajistar kamfani tana nuna cewa akwai wani kamfani mai suna kaza da doka ta san da zamansa, zai iya buɗe asusu, a yi ƙararsa ko ya yi ƙara. Ba ta ce komai a kan na'urarka ba, kuma ba ta ba ka ikon hana wani buga suna irin naka a jikin kayansa ba. Abubuwa biyu ne a hannunka, na'urar da kuma sunanta, kuma kowanne da ƙofar da yake bi. Zan fara da na'urar, domin a can ne lokaci yake ƙure maka.

Abin da ke kare ƙirƙira shi ne takardar haƙƙin ƙirƙira. Ciniki ne tsakaninka da hukuma: kai za ka bayyana sirrin abin da ka ƙera dalla-dalla, yadda duk wani ma'abocin sana'ar zai iya haɗa shi idan ya karanta; ita kuma hukuma ta ba ka ikon hana kowa ƙera shi, sayar da shi ko shigo da shi ƙasar har shekara 20 daga ranar da ka shigar da takardun nema. Wannan wa'adi shi ne ƙa'idar da yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta shimfiɗa tun 1995. A yawancin ƙasashe ana wallafa bayanin naka bayan wata 18, kowa ya gani. Idan shekarun suka cika, abin ya zama na kowa, ba a sabuntawa.

Amma akwai sharaɗi, kuma shi ne ya sa na karanta wasiƙarka sau biyu. Dole abin ya zama sabo a ranar da ka nema, wato bai taɓa fita bainar jama'a ba a ko'ina a duniya, ko a rubuce, ko a baki, ko a kasuwa. Doka ba ta tambayar wa ya fitar da shi. Ko kai da kanka ne, ya fita. Ka ce ka kwance murfin na'urar a gaban kyamara, ka nuna cikinta. Idan mai kallo ya ga inda sandar take, ya ga yadda ruwa ke ɗaga ta har ta toshe bakin bututu, to wannan bidiyon a wurin mai binciken takardun nema daidai yake da littafin da aka buga. Haka su ma waɗanda ka sayar, tunda duk wanda ya saya zai iya sa sukundireba ya buɗe. Magana zarar bunu ce, goge bidiyon yau ba zai mayar da ita ba.

Sai dai ba a ko'ina ƙofar ta rufe ba. Amurka tana ba mai ƙirƙira wata 12 daga ranar da shi da kansa ya bayyana abin, ya shigar da takardunsa. Japan da Koriya ta Kudu ma suna da rangwamen wata 12, da nasu sharuɗɗan. Ofishin haƙƙin ƙirƙira na Turai kuwa ba shi da irin wannan sassauci ga wanda ya tallata kayansa da kansa. Sai idan an sace bayanin aka fitar, ko an nuna shi a wani baje kolin duniya da aka amince da shi, shi ma wata shida ne kacal. Don haka tambayar farko da za ka yi wa lauyan da ya san wannan fanni a ƙasarka ita ce: dokarmu tana da wannan rangwame, kuma wata nawa ne? Ka riga ka ci biyar. Ka duba ranar da ka ɗora bidiyon da ranar cinikin farko, ka rubuta su, domin daga wadda ta riga ake fara lissafi.

Kafin ka kashe ko sisi kuma, ka yi bincike. Ba don in karya maka gwiwa ba, amma na'urar da ke rufe ruwa da ƙwallon da ke yawo a saman tanki tsohuwar aba ce, tana cikin tankin bayan gida na zamani tun ƙarni na 19. Ba za a ba ka takarda a kan "rufe ruwa idan tanki ya cika" ba. Abin da za a iya ba ka shi ne abin da ka ƙara wanda babu shi a da, kuma wanda ba kowane gwanin famfo zai hango shi cikin sauƙi ba. Rumbunan Espacenet da Patentscope da Google Patents, inda ake tara takardun ƙirƙirar da aka wallafa, kyauta ne a intanet. Ka zauna da su kwana biyu, ka kalli zane-zanen. Mutane da yawa a nan suke gane cewa wani ya riga su da shekara hamsin, wasu kuma a nan suke gano ainihin inda nasu ya bambanta. Wannan bambancin shi ake rubutawa a sashen da'awa na takardar, kuma wannan sashe shi ne iyakar gonarka: abin da ke cikinsa naka ne, abin da ka manta ka sa na kowa ne. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya rubuta shi da kansa. Idan gyaran naka ƙarami ne, wasu ƙasashe irin su Jamus da Sin suna da ƙaramar takarda ta shekara 10 wadda ta fi saurin fita.

Wani zai ce maka ai Coca-Cola ba ta taɓa neman takarda a kan haɗinta ba, ta riƙe shi a matsayin sirrin kasuwanci tun 1886. Haka ne, amma wannan hanya tana yi wa abin da ba a iya ganowa daga kayan da aka saya. Ƙarfe da roba ba sa riƙe sirri.

Ka kuma sani babu takarda guda da ke aiki a duk duniya. Wadda aka ba ka a ƙasa ɗaya a nan ƙarfinta ya tsaya. Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba ka wata 12 bayan nemanka na farko ka shigar a sauran ƙasashe, a ɗauke ka kamar a ranar farko ka nema. Tsarin PCT na shigar da nema guda domin ƙasashe da yawa, wanda WIPO, hukumar haƙƙin fasaha ta duniya da ke Janiba, take kula da shi, yana tsawaita wannan zuwa wajen wata 30 a ƙasashe fiye da 150, amma a ƙarshe kowace ƙasa ita ke yanke nata hukuncin, kuma kowace da kuɗinta, har da na riƙe takardar a raye. Mai ƙaramin jari ya tsaya inda yake ƙerawa da inda yake sayarwa.

Yanzu sunan. A nan labarin ya fi daɗi, domin alamar kasuwanci ba ta lalacewa don an gan ta. Ganin ma shi ne abincinta. Kuma ba ta da ranar mutuwa: a yawancin ƙasashe ana sabunta rajistarta duk shekara 10, har illa ma sha Allahu. Jan alwatikan da ke tambarin kamfanin giya na Bass, wanda aka yi wa rajista a Ingila a 1876, har yau yana nan. Ka dubi Velcro, abin nan mai mannewa da ake sa wa takalma da jakunkuna. Wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro shi bayan ya lura da yadda wata ƙaya mai kama da ƙarangiya ta manne wa tufafinsa da gashin karensa a 1941. Zuwa 1978 kariyar ƙirƙirar ta ƙare, kowa ya shiga ƙera irinsa. Amma har gobe ba wanda ya isa ya buga kalmar Velcro a kayansa sai mai ita.

Matsalarka ita ce irin sunan da ka zaɓa. "Mai tsayar da ruwa" bayanin aikin na'urar ne, kuma doka ba ta yarda mutum ɗaya ya kame kalmomin da duk masu sana'ar ke bukata don su faɗi abin da kayansu ke yi. Mai yiwuwa a karɓi tambarin, wato zanen da launinsa da yadda aka tsara rubutun, amma a ce kalmomin kansu ba naka ba ne kai kaɗai. Suna mai ƙarfi shi ne wanda aka ƙaga, kamar Kodak na kamfanin kyamara da ba ya nufin komai, ko wanda ba shi da alaƙa da kayan, kamar Apple a jikin kwamfuta. Da ni ne kai, tunda wata biyar kawai sunan ya yi a kasuwa, da na ƙago sabo yanzu, na bincika rumbun ofishin rajista na tabbatar ba mai shi, na shigar da shi, sannan na bar tsohon a ƙasansa a matsayin bayani.

Rajistar kuma rukuni-rukuni ake yin ta. Tsarin Nice, wanda aka kafa a 1957, a yau ya kasa kaya da ayyuka gida 45, wato 34 na kaya da 11 na ayyuka, kuma kayan famfo da na samar da ruwa galibi suna rukuni na 11. Shi ya sa a Amurka akwai jiragen sama na Delta, akwai kuma kawunan famfo na Delta, kamfanoni daban, ba mai ƙarar wani, domin ba wanda zai je sayen tikiti ya dawo da famfo. Kada ka sa alamar ® sai rajista ta fito, a wasu ƙasashe yin hakan laifi ne. Alamar ™ kuwa, wadda ke nuna cewa kana ɗaukar sunan a matsayin alamar kasuwancinka, za ka iya sa ta tun yau. Bayan rajistar ta fito, ka ci gaba da amfani da sunan, domin ana iya soke wanda aka ajiye shekara uku ko biyar ba a taɓa shi ba. Kuma kada ka bari ya zama sunan kowace na'ura irin wannan a bakin mutane. Haka kamfanin magani na Bayer ya rasa sunan Aspirin a wata kotun Amurka a 1921, haka kamfanin Otis ya rasa Escalator, sunan matakalarsa mai tafiya da kanta, a 1950.

Shi kuma mutumin da ya kwaikwaye ka, gaskiya mai ɗaci ita ce muddin ba ka da takarda a kan na'urar, kwaikwayon cikinta kawai da wuya ya zama laifi. Inda za a iya kama shi shi ne idan ya shirya kayansa yadda mai saye zai ɗauka naka ne, ko ya ɗauki hotunanka, bidiyonka ko zanen tambarinka, domin waɗannan haƙƙin mallaka yana kare su tun ranar da aka yi su ba tare da rajista ba, bisa yarjejeniyar Bern ta 1886. Ka aika a sayo maka guda ɗaya daga wurinsa da rasiɗi, ka ɗauki hoton tallarsa yadda ranar za ta fito, ka tara rasiɗanka na farko. Idan wani mai saye ya taɓa kawo maka tasa yana cewa ka gyara masa "taka", ka rubuta ranar da abin da ya faɗa. Alƙalai suna ba irin wannan shaida nauyi ƙwarai. Kada ka fita Facebook kana kiransa ɓarawo, sai ƙarar ta juyo kanka. Lauya ya rubuta masa wasiƙa tukuna.

Abu guda ka bincika tun a makon nan: ko ya riga ka shigar da sunan a ofishin rajista. A ƙasashe da dama wanda ya fara nema ake ba, ba wanda ya fara amfani ba, kuma bayan an wallafa nemansa wata biyu ko uku kawai ake bayarwa a shigar da ƙorafi. In kuma kana da wani gyara da ka yi wa na'urar wanda bai fito a bidiyon ba, ka bar shi a cikin akwati har sai takardunka sun shiga, kuma duk maƙerin da zai taɓa shi ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri kafin ka buɗe masa murfin.