Amsa ga ƙanenmu mai son kiɗan fim da jaruman zane

Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce abokanka na yi maka dariya don kana sauraron kiɗan fim wanda babu mai rera waƙa a ciki, kana kuma bin jaruman mujallun zane da ba kowa ya san su ba, kana son sanin ko akwai irinka a Sakkwato da inda ya kamata ka fara. Akwai mu. Ni na haura shekara talatin da wanga ciwo, ban kuwa taɓa neman magani ba.

Basakkwace bai kamata wanga kiɗa ya zame masa baƙo ba, don mu muka san take. A filin dambe, da makaɗi ya taɓa kalangu, tun bai buɗe baki ba kowa ya san wanda ake kira, shi kuma ɗan damben tsuma ta kama shi. Wanda ya saurari Ɗan Anace yana kiran Shago ya san abin da nake nufi. To, aikin da John Williams ya yi ke nan a Star Wars na 1977: ya raba wa mutanen fim ɗin take, kowa da nasa. Bambancin kawai, maimakon kalangai ya tara ƙungiyar makaɗa ta Landan, mutum wajen tamanin, masu gogen Turawa a gaba, masu sarewa a tsakiya, masu ƙaho irin na badujala da masu ganguna a baya, mutum ɗaya tsaye da 'yar sanda yana jan ragamarsu. Bos ɗin, Darth Vader, sai a kashi na biyu, 1980, aka yi masa taken nan mai tafiyar soja da ko yara sun san shi. A Jaws na 1975 kuwa, fim ɗin wani kifi mai cin mutane, sauti biyu rak Williams ya riƙa maimaitawa, ba ka ga kifin ba amma gabanka na faɗuwa.

Sai dai ni ba ta nan na shiga ba. Ta fim ɗin Umar Mukhtar na shiga, wanda muka kalla a bidiyon maƙwabta a Mabera har kaset ɗin ya fara cin kansa. Akwai inda na ji hawaye sun taho mini alhali babu wanda ya yi magana. Na daɗe kafin in gane kiɗan ne ya yi mini wannan aiki. Maurice Jarre, Bafaranshe, shi ya rubuta shi, shi ne kuma ya yi na Ar-Risala a 1976 da na Lawrence of Arabia a 1962. Ka fara da shi, kunnenka ya riga ya saba da shi ba ka sani ba.

Daga nan ka wuce wurin Ennio Morricone, ɗan Italiya da ya rasu a 2020, mai kiɗan finafinan kaboyi. A wani fim na 1968 sai da ya gama kiɗan kafin a fara ɗauka, darakta Sergio Leone ya riƙa kunna shi a wurin aiki, 'yan wasa na takawa a kai. Wato a nan fim ne ya bi kiɗa. Hans Zimmer da samarin yanzu ke ji da shi, ban raina shi ba, amma rugugi ya yi masa yawa. Kiɗan da ba zan iya bi da fito ba a kan babur, ba ya daɗewa a kaina.

Shawara ɗaya: kada ka saurara da lasifikar waya, tana kashe manyan gogen da ke ƙasa gaba ɗaya. Nemi abin sawa a kunne mai kyau, bayan isha'i, in garin ya ɗan huce.

Batun jarumai kuma, ka bar na Amurka tukuna, muna da namu. Daga 1968 zuwa 1972 an yi mujallar African Film, mai jarumi Lance Spearman, ɗan ƙwalisa mai malfa da kwat. Shi ba zane ba ne, hotunan mutane ake ɗauka a rubuta magana a kai. Sai Powerman, da aka yi wa kasuwar Najeriya daga 1975: baƙar fata mai ƙarfin gaske, yana tashi sama, lagonsa ɗaya, saran maciji. Waɗanda suka zana shi Turawan Ingila biyu ne, Dave Gibbons da Brian Bolland, lokacin ba su yi suna ba. Gibbons ɗin nan shi ya zo ya zana Watchmen a 1986. A Powerman ɗin har lamba suke sa wa kowane hoto don mai karatu ya san inda zai bi.

Kwafi huɗu na tarar a adakar kawuna. Na kai su ɗakin ƙasa na ajiye cikin kwali, damina ɗaya gara ta cinye uku da rabi. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci.

Abin da ke ba ni haushi, Superman tun 1978 Williams ya yi masa take, ko'ina aka busa an san shi. Powerman kuwa ya zama ɗan damben da bai samu makaɗi ba. Na taɓa roƙon wani abokina mai fiyano a sutudiyo ya gwada yi masa, sai ya fito mini da kiɗan biki.

In ka ci karo da tsohon kwafi wurin masu kasa littattafai a babbar kasuwa, saya kafin mai ƙosai ta riga ka, ka ɗauki hoton kowane shafi ka turo mana. Shafukan rabin kwafin da gara ta bar mini suna nan cikin leda, duk ranar da ka shigo Mabera sai ka gani.