Rigar sanyi, takalmi da tikitin dawowa gida: amsoshin wannan mako

Wasiƙu uku na ware a wannan mako, duk a kan yaran da suka tafi ko za su tafi karatun musaya, wato karatu na ɗan lokaci a wata makarantar waje, a ƙasashen sanyi. Ta farko ce za ta fi cin wuri, don ita ce aka fi aiko mini kowace shekara.

"Malam, ɗana ya samu gurbin karatu na wata huɗu a Montreal ta ƙasar Kanada, zai tafi farkon Janairu. Na ga manyan rigunan sanyi wurin ƴan bosho a babbar kasuwa. In saya masa biyu ne ko uku?" Wata uwa, unguwar Zariya, Maraɗi.

Hajiya, Allah ya sa albarka a karatun. Guda ɗaya za ki saya, ita ma don ya sauka jirgi da ita ne. Sauran kuɗin ki ƙulle masa ya tafi da su.

Bari mu fara daidaita abin da muke kira sanyi. A nan Maraɗi, in hunturu ya kankama a Janairu, da asuba ma'auni kan sauka wajen digiri 12 zuwa 14, kuma kin ga yadda muke yi: kasko a tsakar ɗaki, rawani har kunne, yara na gudun wanka. A Montreal, matsakaicin Janairu yana wajen digiri 10 ƙasa da sifiri, akwai kuma ranakun da yake wuce 20 ƙasa da sifiri, ga iska a kai. Firizar da masu ƙanƙara ke daskarar da ruwa a ciki tana kan 18 ƙasa da sifiri. A cikin irin wannan ɗanki zai tsaya jiran mota.

Kayan bosho ba laifi gare su ba, ni ma na sa. Damuwar ita ce dila ɗaya takan haɗa rigar da aka ɗinka don yayyafin Ingila da wadda aka ɗinka don ƙanƙarar Kanada, kuma mai sayarwa bai san bambancinsu ba, tunda shi ma bai taɓa jin wannan sanyin ba. Girman riga ba shi ne ɗuminta ba. Ki matsa ta da hannu ki saki: in abin da ke ciki ya kumburo ya koma yadda yake, da sauran ranta, in ya kwanta kamar tsohuwar katifa, ki bar ta. Ki duba zip ɗin, ki tabbata tana da hular da ke haɗe da wuya, kuma ta sauko ta rufe masa ƙugu. Ki haɗa da hular ulu mai rufe kunne, safar hannu, da safar ƙafa masu kauri. Da waɗannan zai kai masauki lafiya.

A can ba riga ɗaya mai nauyi ake dogara da ita ba, jera su ake yi: ƴar ciki mai kama jiki, tiriko a kanta, sannan babbar riga mai tare iska. Dalili kuwa, cikin aji da ɗaki da mota duk a ɗumame suke, wajen digiri 20, sai mutum ya riƙa cirewa yana mayarwa duk yini. Ƴar cikin kada ta zama ta auduga zalla, don auduga in ta sha gumi riƙe shi take yi ta sanyaya jiki. Shaddarsa kuwa ya tafi da ɗaya saboda Juma'a, ya sa ta a kan sauran.

In da ni ne, wurin takalmi zan zuba kuɗi mafi yawa, kuma a can za a saya. Ana watsa gishiri a kan tituna don narkar da ƙanƙara, sai hanya ta zama caɓi mai sanyi da ke shiga duk takalmin da ba a yi shi don haka ba. Ya nemi wanda ruwa ba ya ratsawa, mai gindin roba da zane mai zurfi saboda santsi, ya ɗara ƙafarsa kaɗan don safa ta samu wuri. Akwai shagunan kayan hannu na biyu a can ma, kuma ɗaliban da suka gama sukan sayar da nasu da araha. Ya tambayi ƴan Nijar da zai tarar.

Yawancin kamfanonin jirgi kilo 23 suke bai wa jaka ɗaya, kada riguna su cinye. Ki sa masa man kaɗe, don iskar ɗakin da ake ɗumamawa ta fi ta hunturunmu busar da fata da leɓe. Kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji za su yi masa rana, amma ya bayyana su ga ma'aikatan kwastan in ya sauka. Kilishi kam ki bar shi gida. Ba a shiga da nama haka, za su karɓe, wataƙila har da tara.

Abin da ba a saye a kasuwa shi ne maganin duhu. A farkon Janairu rana na faɗuwa a Montreal kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Azahar, la'asar da magariba duk cikin lokacin darasi suke zuwa, kusa da kusa. Yaron da ya saba da hirar fada har dare zai ga kowa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ki riƙa kiransa, ko ba ki da abin faɗa.

"Baba, ina shekarar musaya a Ankara ta Turkiyya. Ƙawata da ke Faransa ta ce tana da hutun mako biyu a ƙarshen Disamba. In sayi tikiti tun yanzu in zo gida a lokacin?" Wata ɗaliba ƴar unguwar Bagalam.

Ƴata, kada ki auna hutunki da na ƙawarki. Nata hutun Kirsimeti ne, kuma Turkiyya ba ta yin sa. Ranar 1 ga Janairu kaɗai ake hutawa. A ƙarshen Disamba kina aji ko kina shirin jarrabawa. Hutun tsakiyar shekara a can sai an gama jarrabawar zangon farko, wato daga wajen tsakiya ko ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, kuma kowace jami'a da nata jadawali. Ki samo na jami'arki a rubuce, ki duba har da ranakun jarrabawar gyara ga wanda ya faɗi wani darasi, don sau da yawa cikin hutun suke faɗowa. Tikiti mai araha shi ne wanda ba a canja masa rana sai an biya.

Sannan ki yi lissafin hanya. Ankara zuwa Istambul, Istambul zuwa Yamai, daga nan kilomita wajen 660 a mota kafin ki ga Maraɗi. Zuwa da komawa sun ci kwana huɗu, ga gajiya, ga tsarabar da ba za ki iya zuwa babu ita ba. Shawarata, in ba wata lalura ta gida, ki zauna. In kuma dole ne, kada ki fita ƙasar sai katin izinin zamanki na hannunki.

Zaman ma yana da nasa tambayar, kuma ita ce ba a cika yi ba: a lokacin hutu, gidan kwanan ɗalibai a buɗe yake? Ana dafa abinci? Lokacin da nake ɗalibi a waje, ban tambaya ba. Hutu ya zo, ƴan ƙasa suka watse gidajensu, aka rufe wurin cin abinci mako biyu cur. Kuɗin da na ware na sayen takalmi a burodi da sardin ya ƙare, na ƙarasa sanyin da leda a cikin safa. Ki tambaya tun yanzu, ki ware kuɗin abincin waɗannan makonni daban.

Ki kuma tuna azumi ya shigo sanyi. A 2026 ya kama wajen 18 ga Fabrairu, kowace shekara kuma yana matsowa da kwana 10 ko 11. Ƙishirwa ba za ta dame ki ba kamar ta watan Afrilu a nan, sai dai shan ruwa ke kaɗai a ɗaki yana da nauyi. Ki nemi ƴan uwa da za ku riƙa haɗa tukunya.

"Yarona zai tafi Fas ta Maroko. Maƙwabcina ya ce ai Afirka ce, kada in ɓata kuɗi a kayan sanyi." Wani uba, Tasawa.

Alhaji, maƙwabcinka bai kwana a Fas cikin Janairu ba. Ifran, garin da ke kan duwatsu ba nisa da Fas, ƙanƙara ke rufe shi, kuma a can aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka, kusan digiri 24 ƙasa da sifiri, a 1935. Fas ba ta kai haka ba, amma daminarsu cikin sanyi take, kuma yawancin ɗakunan haya ba na'urar ɗumama ɗaki, sai ka ga cikin ɗaki ya fi waje sanyi. Ya tafi da tiriko biyu da rigar da ke tare ruwa, bargo mai kauri ya saya can.

Ka ja masa kunne a kan abu ɗaya. Kada ya kunna gawayi ko murhun gas a ɗaki ya rufe taga ya kwanta. Mu a nan iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa da rufi, ɗakunan can kuwa a toshe suke, kuma gubar da wutar ke fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kashe mutum. Haka na'urar dafa ruwan wanka mai aiki da gas: in ya tarar da ita a cikin makewayin da ba taga, ya nemi wani ɗakin ko da ya fi tsada.