Tambaya da Amsa: Yaƙi ya watsa 'yan ajinmu, ta ina za mu sake haɗuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gama sakandare tare a Wad Madani da ke ƙasar Sudan, muna da zaure a WhatsApp. Tun da yaƙi ya iso garin a Disambar 2023 kowa ta kama gabanta: wasu suna Gadarif da Kasala, wasu Masar, ni ina Jidda. Lambobi da yawa sun mutu, shugabar zauren ma ba a jin ɗuriyarta. Ta ina zan fara? — Wata 'yar uwa daga Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina. Ki fara da lambar waya, domin a kanta asusun WhatsApp yake tsaye. Idan mutum ya yi kwana 120 bai hau ba, kamfanin yakan goge asusun. Saƙon da bai isa wayarsa ba kuwa, kwana 30 ake ajiye masa. Shi ya sa wadda ta daɗe a inda babu sabis take dawowa ta tarar ba ta cikin zaure, alhali ba wanda ya cire ta.

Don haka duk wadda layinta na Zain, MTN ko Sudani ya ɓace amma WhatsApp ɗin yana buɗe a wayarta, kada ta goge manhajar, kada ta sake waya tukuna. Ta saka sabon layi, ta shiga saituna, sashen asusu, ta zaɓi canja lamba, ta rubuta tsohuwar da sabuwar. Sabon layin ne zai karɓi saƙon tabbatarwa, ba a buƙatar tsohon. Zaurukanta duka za su biyo ta. Wannan ya shafe ku ma mazauna Saudiyya, tunda layinku a kan iƙama, wato katin izinin zama, aka yi masa rajista: mai shirin barin ƙasar ta canja lamba kafin ta hau jirgi.

Tsohon zauren da babu shugaba a kusa, a ganinmu ku haƙura da shi, tunda ba mai iya cire baƙuwar lamba. Ki buɗe sabo, ki naɗa shugabanni uku a ƙasashe daban-daban. A Fabrairun 2024 sadarwa ta ɗauke a kusan faɗin Sudan. Zauren da shugabanninsa duk suna gari ɗaya tare suke yin shiru. Ki kunna tsarin da sai shugaba ta amince sabuwa za ta shigo. Lambobi kuwa ki ajiye su da lambar ƙasa, ki cire sifirin farko: +249 Sudan, +966 Saudiyya, +20 Masar, +235 Chadi.

Cigiyar waɗanda suka ɓace ta fi sauƙi a Facebook, don sunan mutum yana nan ko layi ya mutu. Ki gwada sunan da haruffan Larabci da na boko, da sunan uba da kaka kamar yadda ake kira a rajistar aji, sannan laƙabin gida. Wadda ta ƙi samuwa, ki bi ta yayyenta maza ko shafin unguwarsu.

Tambaya: Wani abokin karatunmu ya turo saƙo a zaure cewa ɗansa yana asibiti, muka tara masa kuɗi ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartoum. Ashe ba shi ba ne. Yaya haka ta faru? — Wani ɗan uwa daga Gadarif

Amsa: Allah ya mayar muku da alheri, ɗan uwa. Hanya biyu ce. Ko dai an sayar wa wani tsohon layinsa bayan ya daɗe ba ya aiki, ko kuma an yaudare shi ya bayar da lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta saƙon tes. Ɓarawon yakan ce, "Na turo maka wata lamba bisa kuskure, don Allah maido mini." Da ya karɓa ya shige asusun, ya ga sunayen 'yan zaure, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kowa a zauren ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya zaɓi lambar sirri guda shida, ya haɗa da imel. Ku kunna sanarwar tsaro kuma, za ta nuna muku idan wani ya sake waya. Wanda aka riga aka ƙwace nasa, in layin yana hannunsa ya sake rajista. Da ya saka lambar tes za a fitar da ɓarawon, ko da yake in ɓarawon ya riga ya sa lambar sirri sai an jira kwana 7. Kafin nan shugaba ya cire lambar, ya kuma sabunta mahaɗin gayyata.

Kada wannan ya sa ku daina taimakon juna, mutane suna cikin buƙata ta gaske. Ku naɗa ma'aji ɗaya. Mai neman taimako ya turo murya yana faɗin ranar da ake ciki, wani ya kira shi a layi kai tsaye, a kuma duba sunan da Bankak ya nuna kafin a tura ko fam ɗaya.

Tambaya: Kiran WhatsApp ba ya shiga tsakaninmu da na gida. Wayata ce? — Daga Makka

Amsa: Ba lallai wayarka ba ce. Hukumar sadarwar Sudan ta taƙaita kiran murya da bidiyo na WhatsApp a Yulin 2025, ta bar saƙonni. Ku koma saƙon murya gajere, ku rage tura bidiyo, ku kashe saukar hotuna ta kai tsaye, saboda wasu 'yan ajinku da awa suke sayen intanet a shagon Starlink, wato intanet na tauraron ɗan Adam.